Murhun da ke Cikin Masallaci

Birnin Bursa yana gindin dutsen Uludag, a arewa maso yammacin Turkiyya, kudu da tekun Marmara. Shi ne babban birni na farko da Daular Usmaniyya ta kafa fadarta a cikinsa, wato daular Turkawa zuriyar Usman Gazi, wadda suna kawai ya haɗa ta da daular Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Orhan ɗan Usman ya karɓe birnin daga hannun Rumawa a 1326, kuma a nan hubbaren sarakuna shida na farko na wannan gida yake: Usman, Orhan, Murad na Ɗaya, Bayazid na Ɗaya, Mehmed na Ɗaya da Murad na Biyu.

Turkawa suna yi wa birnin kirari da Koriyar Bursa, saboda lambunansa da manyan itatuwansa. Kirarin na lokacin zafi ne. A watan Janairu ganye ya riga ya zube, rana ba ta fitowa sai ƙarfe 8 na safe ta wuce, wajen ƙarfe 6 na yamma kuma ta faɗi. Yayyafi yakan wuni yana sauka, wani lokaci ya rikiɗe ya zama dusar ƙanƙara. Yawancin baƙin da ke zuwa a wannan lokaci ratsa birnin kawai suke yi, su haye kan dutsen mai tsayin mita 2,543 domin wasan zamiya. Tsohon birnin sukan bar shi ga mazaunansa.

Amma mai son ya gane dalilin da ya sa aka gina tsohon birnin yadda aka gina shi, sanyi ya fi yi masa bayani. Da zafi, baƙo yana ganin kubba da tayil da zayyana, ya ɗauki hoto ya wuce. Da sanyi, jikinsa ne ke fara tambaya: ina za a fake, ina ruwan ɗumi, ina abinci mai zafi. Sai ya tarar waɗanda suka yi ginin shekara 600 da suka wuce sun riga shi yin waɗannan tambayoyi, har sun ƙara da wadda ta fi su nauyi: wa zai riƙa biyan kuɗin itace bayan mai ginin ya kwanta dama?

Nauyin da ta tafi da shi

Cikin waɗanda suka ga Bursa a irin wannan lokaci akwai wata akanta 'yar Kano, wadda ta shafe shekara 15 tana binciken littattafan kuɗi na kamfanoni da ƙungiyoyin agaji. Ita da maigidanta sun ɗauki hutun shekara a Janairu, suka yi mako guda a Istanbul, suka ware wa Bursa kwana uku. Hutu ne na mutumin da jikinsa ya yi tafiya amma hankalinsa yana gida.

Wata bakwai kafin nan Allah Ya yi wa mahaifinta rasuwa. Ya bar wasiyya cewa a fitar da sulusin dukiyarsa a yi masa sadaka mai gudana, bai kuwa fayyace irinta ba. A cikin sulusin akwai fili a bakin titi da kuɗi daidai gwargwado. Babban wansu ya yanke shawarar a gina masallaci ya cinye filin duka, sauran 'yan'uwa suka amince. Ita ce auta, kuma ba ta ƙi masallaci ba. Damuwarta abin da aikinta ya saba nuna mata ne: rijiyar burtsatse da ta tsaya saboda ƙarfe ɗaya ya lalace, makarantar Islamiyya mai kyan gini da malamanta ke wata huɗu ba albashi, ɗakin shan magani da ke da allon sunan mai bayarwa amma babu ko ƙwayar zazzaɓi. Ranar buɗewa kowa yana nan. Shekara uku bayan haka sai mai gadi.

Da ta tambayi wanta wa zai riƙa biyan wuta da ruwa da ladan da gyaran rufi, ya ce Allah zai kawo masu yi. Amsa ce da auta ba ta iya ja da ita a gaban manya. Aka tsayar cewa idan ta dawo za a zauna kowa ya sa hannu.

Kubba ashirin, rufi ɗaya

Hanyar da baƙi suka fi so daga Istanbul ita ce jirgin fito zuwa tashar Mudanya, tafiyar kamar awa biyu. Ranar da za su tashi aka soke jirgin saboda lodos, iskar kudu maso yamma da ke tayar da tekun Marmara a lokacin sanyi. Iska ce mai ɗumi, takan narkar da ƙanƙara, idan ta kwanta kuma ruwa da sanyi su biyo bayanta. Suka hau bas, suka bi ta gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016 a kan mashigin Izmit. Kafin su isa iskar ta faɗi, sanyin ya dawo da ƙarfinsa.

Wurin farko da kowane baƙo ke nufa shi ne Ulu Jami, babban masallacin da Bayazid na Ɗaya ya gina bayan nasararsa a yaƙin Nikopolis na 1396, aka kammala shi wajen 1399. Kubba 20 gare shi, a jere a kan ginshiƙai 12. Mutanen birnin suna ba da labarin cewa Bayazid ya yi bakance zai gina masallatai 20 idan ya ci yaƙin, sai surukinsa, malamin nan Emir Sultan, ya ba shi shawarar ya gina ɗaya mai kubba 20. Labari ne na baka, amma daɗewarsa a bakin mutane yana nuna irin hankalin da suke yabawa: gini ɗaya da za a iya riƙewa ya fi ashirin da za su zama kufai.

Bango da ginshiƙai cike suke da manyan rubuce-rubucen zayyana, wani harafin ya fi mutum tsawo. Mumbarin katako ne da aka harhaɗa guntayensa ba tare da ƙusa ba. Abin da ya fi tsayar da ita dai shi ne kwarmin ruwan da ke cikin masallacin, a ƙarƙashin kubbar da aka rufe samanta da gilashi. Maza na zaune kewaye da shi suna alwala, a cikin gini, iska ba ta dukan su. Mai zuwa da zafi zai ce ado ne. Wanda ya shigo yatsunsa sun ƙage bai bukatar a yi masa bayani.

Nan kuma ta ga dattawa suna cire takalman waje a bakin ƙofa, sai ga wani siririn takalmin fata manne da ƙafarsu, da shi suke taka shimfiɗa har su yi salla. Babin shafa a kan huffi ta haddace shi tana yarinya a Islamiyya ba tare da ta taɓa ganin mai sa shi ba. Sai a Bursa ta ga irin ƙasar da hukuncin yake sauƙaƙa wa mutane rayuwa kullum.

Ɗakin baƙo

Washegari suka nufi gabashin tsohon birnin, inda Koren Masallaci yake, wanda Turkawa ke kira Yeshil Jami. Mehmed na Ɗaya ne ya sa aka gina shi. Shi ne sarkin da ya sake haɗa daular bayan Taimur ya murƙushe mahaifinsa Bayazid a yaƙin Ankara na 1402, 'ya'yan sarki suka yi shekara 11 suna yaƙar juna. An yi ginin a ƙarƙashin jagorancin Haji Iwaz Pasha, masu tayil kuma suka bar shaidar cewa su mutanen Tabriz ne. Mehmed ya rasu a 1421, hubbarensa mai kusurwa takwas yana kan tudu a bayan masallacin, lulluɓe da tayil mai launi tsakanin kore da shuɗi.

Tsarin ginin ya bambanta da masallacin da aka saba gani. Mai shiga yakan fara tarar da zaure mai faɗi da ɗan kwarmin ruwa a tsakiya. Wurin salla yana gaba, sai an hau 'yan matakai. A gefe kuma akwai ɗakuna. Ta leƙa ɗaya daga cikinsu, ta ga bango guda an yi masa kantoci na farar ƙasa masu zayyana, a tsakiyarsu murhu da hanyar fitar hayaƙi. Wani dattijo mai kula da wurin ya ga ta tsaya, ya nuna murhun ya ce, “Misafir.” A Turkanci kalmar tana nufin baƙo, asalinta kuwa kalmar Larabci ce ta matafiyi. Ba ta bukaci tafinta ba.

Irin waɗannan masallatai na farkon daular an gina su ne su yi aiki biyu, wurin ibada da masauki. A ɗakunan gefe ake saukar da matafiya da malamai da fakirai masu yawo, a hura musu wuta, su ajiye kayansu a kantocin. Masallacin kuma ba ya tsayuwa shi kaɗai. Kewaye da shi akwai makaranta, gidan wanka, hubbaren mai ginin, da gidan ciyarwa da suke kira imaret. Rukunin duka sunansa külliye. Sarakuna biyar, daga Orhan zuwa Murad na Biyu, kowa ya gina nasa a wani sashe na Bursa, unguwa ta tsiro kewaye da shi. Da haka birnin ya faɗaɗa. Na Bayazid har da asibiti.

A yawancin gidajen ciyarwa na Usmaniyya sau biyu ake dafa abinci a rana, miyar alkama ko ta shinkafa, a haɗa wa kowa da gurasa. Ranar Juma'a da ranakun idi akan ƙara dafaffiyar shinkafa da wani zaƙi mai ruwan ɗorawa. Duk wanda ya tsaya minti goma a farfajiyar Koren Masallaci cikin Janairu zai san darajar kwanon miya mai tururi ga ɗalibin da ya baro ƙauyensu, ko mai jaki da ya kwana a hanya.

Murhun a mace yake yanzu, ko toka babu. Ta daɗe tana kallonsa har maigidanta ya ce, “Hajiya, yawon buɗe ido muka zo ko binciken littafi?” Ta ce, “Yallaɓai, wannan murhun wani ne yake sayen itacensa. Shi nake nema.”

Shaidar wani matafiyi

Akwai wanda ya ga amfanin waɗannan masaukai da idonsa tun tsarin yana jariri. Ibn Battuta, matafiyin Tanja wanda daga baya, a 1353, ya sauka a Takedda ta ƙasar Nijar ta yau har ya ambaci Gobir a labarinsa, ya zo Bursa a farkon shekarun 1330, 'yan shekaru kaɗan bayan Orhan ya karɓe ta. Ya bayyana maɓuɓɓugar ruwan zafi a wajen birnin, da ɗakunan wanka biyu, na maza da na mata, da zawiyar da ke saukar da baƙo ta ciyar da shi kwana uku.

Bayan ya bar Bursa da Iznik ya nufi arewa maso gabas, sanyi ya riske shi. Tsakanin Goynuk da Mudurnu dusar ƙanƙara ta shafe hanya, ɗan jagoran da suka ɗauka ya karɓi kuɗi ya gudu ya bar su, dare kuma yana gabatowa. Ibn Battuta ya yi gaba shi kaɗai a kan doki har Allah Ya kai shi wata zawiya, mutanenta suka fita suka ɗebo abokan tafiyarsa. Wanda ya gina zawiyar bai san da zuwansa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya tabbatar ƙofa za ta kasance a buɗe, wuta a kunne, a daren da ba wanda ya san ranarsa.

Ruwan zafin da ya gani yana nan yana ɓuɓɓuga a unguwar Chekirge. Tsohon gidan wankan da ke can ana danganta shi da zamanin Murad na Ɗaya, wanda ake kira sabo kuma Rustam Pasha, wazirin Sultan Sulaiman, ya gina shi a 1552. Da yamma tururi yakan tashi daga kubbobinsu ya gauraya da hazo.

Gini mai ci da gini mai kawowa

Amsar tambayarta tana kasuwa. Daga ƙofar Ulu Jami taku kaɗan ne zuwa unguwar hanuna. Han zangon fatake ne na dutse mai bene: tsakar gida, ɗakunan ajiya a ƙasa, ɗakunan kwana da ciniki a sama, ƙofa mai ƙarfi da ake rufewa da dare. Mafi tsufa a cikinsu, Emir Han, Orhan ne ya gina shi cikin rukunin masallacinsa. Mafi shahara kuma Koza Han ne, zangon siliki, wanda Bayazid na Biyu ya kammala a 1491 domin hayarsa ta riƙa ɗaukar nauyin gine-ginensa na alheri a Istanbul. A ƙarni na 15 ayarin raƙuma daga Tabriz suke kawo ɗanyen silikin Iran nan Bursa, 'yan kasuwar Italiya su saya. Har gobe ana sayar da mayafan siliki a benen, tsakar gidan kuma ta zama wurin shan shayi kewaye da ɗan ƙaramin masallaci da aka ɗora a kan wurin alwala.

A nan suka zauna, suka sha salep, abin shan hunturu na madara da garin saiwar wani fure, mai kauri kamar kunu, an barbaɗa masa kirfa. Ta fito da takarda ta raba ta gida biyu. A dama ta jera gine-ginen da ke cin kuɗi: masallaci, makaranta, gidan ciyarwa, asibiti. A hagu ta jera masu kawowa: han, shaguna, gidan wanka, gonaki. Ba a gina na dama ba sai da na hagu. Abin da ya ɗaure su kuwa takardar wakafi ce, wadda ake rubutawa a gaban alƙali da shaidu. Irin waɗannan takardu sukan lissafa kadarorin da aka tsayar ɗaya bayan ɗaya, sannan su faɗi ladan kowane ma'aikaci a rana: liman, ladan, malami, mai dafa abinci, mai gasa gurasa, mai shara, mai karɓar haya, magatakarda. Sukan ware kuɗin mai na fitila da itace da gyara. Akwai mai gudanarwa, akwai kuma wani dabam mai sa ido a kansa. Wannan na ƙarshe shi ya sa ta murmushi, domin aikinta ne aka rubuta tun kafin a haifi kakannin kakanninta.

Har ƙauye sukutum akan tsayar. Jumalikizik, mai nisan kamar kilomita 10 gabas da tsakiyar birnin, ƙauyen wakafi ne da kuɗin shigarsa ke tafiya ga gine-ginen Orhan. Shi ya sa hukumar UNESCO, da ta sa Bursa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2014, ta haɗa shi da rukunan sarakunan da unguwar hanuna a matsayin abu ɗaya. Sun je can da la'asar. Lunguna ne ƙuntatattu na dutse, ruwa na gangarowa ta tsakiyarsu, gidajen ƙasansu dutse, samansu katako da laka, an shafe su da shuɗi da rawaya. Baƙi ba su da yawa. Hayaƙi na fita daga kowane rufi, itace a jibge a bakin ƙofofi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya: miyar da ake rabawa a birni daga gumin manoman irin wannan ƙauye take fitowa.

Abin da hubbare ke tunatarwa

Wannan gumi shi ne farkon abin da ya kamata mai yabon tsarin ya tuna. Dukiyar da sarakunan suka tsayar ta fito ne daga ganimar yaƙi da harajin talakawa. Gidan ciyarwa alheri ne, kuma siyasa ce: sarkin da ke ciyar da ɗaruruwa kullum yana sanar da birni waye mai shi. A layin abinci ma'aikata da ɗalibai da baƙi ake fara sallama, matalauta su zo daga baya. Manyan fada kuma sun gane cewa dukiyar da aka yi wakafi da ita tana da wuyar ƙwacewa, sai wasunsu suka riƙa tsayar da kadara suna naɗa 'ya'yansu masu gudanarwa da albashi mai tsoka.

Rukunin Muradiye, a yammacin tsohon birnin, shi ya fi nuna ɗaya fuskar gidan. Lambu ne mai tsit, cike da hubbare, da yawansu na 'ya'yan sarki ne da mulki ya ci. A nan Jem yake, wanda ya yi takarar gadon sarauta da wansa Bayazid na Biyu, mai Koza Han, ya sha kaye, ya rasu a Italiya a 1495. A nan Mustafa yake, wanda aka shaƙe a 1553 bisa umarnin mahaifinsa Sultan Sulaiman. Hannun da ya sa aka hura wa baƙo wuta daga gida ɗaya yake da wanda ya ba da wannan umarni.

A tsakiyarsu hubbaren Murad na Biyu yake, wanda ya rasu a 1451. Ya yi wasiyya kada a yi wa kabarinsa ado, a bar shi ƙasa tsura, a kuma bar tsakiyar kubbar a buɗe domin ruwan sama ya sauka a kansa. Haka aka yi. Mutumin da ya gina wa wasu rufi da murhu ya roƙi a bar shi a ƙarƙashin ruwa. Ta tsaya a nan ta yi wa mahaifinta addu'a, wanda shi ma kabarinsa tudun ƙasa ne kawai.

Tsarin bai dawwama yadda aka kafa shi ba. Girgizar ƙasa ta 1855 ta rushe da yawa daga cikin kubbobin Ulu Jami da hubbaren Usman da Orhan, sai da aka sake gina su. A 1924 Jamhuriyar Turkiyya ta rufe tsofaffin makarantun addini, ta mayar da wakafai ƙarƙashin hukumar gwamnati. Makarantar Koren Masallaci gidan adana kayan tarihi ce a yau. Duk da haka, tsakanin Orhan da wannan shekara akwai kusan ƙarni shida. Ita da ta saba ganin aikin alheri ya mutu kafin fentinsa ya koɗe, wannan adadi ya ishe ta abin tunani.

Ƙananan alherai

Abin da ya rage a raye a titi ya fi na sarakuna ƙanƙanta. A gidajen burodi da yawa na Turkiyya akwai al'adar da ake kira burodin rataye: mai saye ya biya biyu ya ɗauki ɗaya, a ajiye ɗayan ga wanda zai zo ba shi da kuɗi, ba tare da sun san juna ba. Ta ga ɗan allo a wani gidan burodi kusa da masaukinsu, an rubuta adadin da ya rage. Da safe adadin yana da yawa, da dare ya ragu.

Marubuci Ahmet Hashim, a wani littafinsa da ya fito a 1928, ya ba da labarin wani fili a kasuwar masu takalma ta Bursa inda ake ciyar da tsuntsaye nakasassu da kuɗin da 'yan kasuwar ke haɗawa. Cikinsu akwai farar shamuwa, wadda ke yin lokacin zafi a Turkiyya, ta ƙaura zuwa Afirka har Sudan da Chadi idan sanyi ya gabato. Wadda fiffikenta ya karye ba ta iya bin 'yan'uwanta, sai hunturu ya same ta a inda ba a halicce ta ta zauna ba. Masu takalma ba su gina mata kubba ba. Sun dai tabbatar akwai mai kawo mata abinci kullum.

A rana ta uku suka hau Uludag a motar da ke tafiya rataye a igiyar ƙarfe. Bayan 'yan mintuna rufin gidaje ya ɓace, itatuwa suka yi fari fat. A sama suka taka ƙanƙara har gwiwa, suka yi dariya kamar yara, suka ɗauki hotunan da za a aika gida. Rabin awa ya ishe su. Suka sauko suka sayi gasasshen kestane a bakin titi, ɗan itace mai ɗanɗanon dankalin Hausa, suka riƙe ƙunshin a tafin hannu don ɗuminsa kafin su ci.

Waya zuwa gida

A daren ta kira wanta. Bayan gaisuwa da tambayar iyali ta ce, “Yaya, ina da magana a kan filin Baba, idan ka ba ni dama.”

“Ina jin ki, Auta.”

Ta ce a yi masallacin, amma madaidaici, a bayan filin. A gaba, bakin titi, a yi shaguna huɗu. A rubuta takarda a gaban alƙali cewa hayarsu ta liman ce da ladan da wuta da ruwa da gyara, abin da ya ragu a riƙa dama koko ana raba wa almajirai da safe a watannin hunturu. A naɗa mai gudanarwa, a kuma naɗa wani daga wajen dangi ya riƙa duba littafin duk shekara.

Ya yi shiru. Sannan ya ce, “Mu da za mu gina wa Baba ɗakin Allah, ke kina maganar shaguna? Kin san abin da mutane za su ce. Za su ce mun ci wasiyya mun buɗe kasuwa. Kuma ranar da kuɗin haya ya fara shigowa, ranar za mu fara rigima a tsakaninmu.”

Maganarsa tana da gaskiya, kuma ta sani. Ta ga dangin da haya ta raba, kamar yadda ta ga masallacin da rufinsa ke yoyo ba mai gyarawa. Ta ce, “Haka ne, Yaya. Shi ya sa nake so a rubuta komai tun muna shiri da juna, kuma kada a bar kuɗin a hannun ɗayanmu. Ba a fafe gora ranar tafiya.”

“Waɗannan Turawan ne suka koya miki?”

“Musulmi ne, Yaya. Kuma a littattafanmu suka samo shi.”

Ya yi 'yar dariya. Bai ce ya yarda ba. Ya ce ta rubuto abin dalla-dalla, da lissafinsa, zai kai wa Malam ya duba kafin a zauna, kuma a ɗaga sa hannun da mako biyu.

Ta jawo takardar da ta fara a Koza Han ta juya bayanta. Ta rubuta kuɗin ginin a layi ɗaya. Sauran shafin ta cika shi da abubuwan da ba a sa wa allon suna: albashin ladan, ƙwan fitila, tsintsiya, butoci, gero da sukari na wata uku, gyaran famfo, sauya kwanon rufi. A gefen kowanne ta sa adadin shekara guda, sannan ta fara lissafin hayar shago huɗu, ta ga ko za ta kai.